Ƙananan Kwamfailoli da Ceto Tsofaffin Manhajoji: Tambayoyi da Amsoshi daga Birnin Kebbi

Na daɗe ina gyaran kwamfuta da koyar da rubuta manhaja a Birnin Kebbi, kuma tambayoyin da ake kawo mini kan wannan batu kusan ba sa canzawa. Masu yin su iri uku ne: ɗaliban kimiyyar kwamfuta, irin na Waziri Umaru da na Aliero da masu dawowa hutu daga Kaura Namoda, malaman sakandare da aka ɗora wa koyar da BASIC, sai ma'aikatan da suka gaji wata tsohuwar manhaja a ofis, kowa na tsoron taɓa ta. Na jero amsoshin daga mai sauƙi zuwa mai ɗan zurfi. Wanda ya riga ya san kwamfaila ya tsallake ta farko.

Mece ce kwamfaila, kuma me ya raba ta da abin da nake rubutawa?

Furosesan da ke cikin kwamfutarka bai san C ba, bai san Pascal ba. Umarni na lambobi kawai yake ji, kuma kowane dangin furosesa da nasa: na Intel da AMD daban, na ARM da ke cikin wayarka daban. Abin da ka zauna ka rubuta da hannunka, mai sunaye da bayanan da mutum zai iya karantawa, shi muke kira rubutun tushe. Kwamfaila ita ce tafintar da ke ɗaukar wannan rubutu ta juya shi gaba ɗaya zuwa harshen na'ura, ta miƙo maka fayil, wanda a Windows sunansa ke ƙarewa da .exe. Tana da 'yar'uwa, intafireta, wadda ba ta fitar da fayil. Ita tana fassarawa ne tana aikatawa a lokaci guda, kamar tafintan da ke tsaye gefen mai wa'azi. GW-BASIC da QBasic haka suke aiki.

Ka riƙe abu ɗaya daga nan, don sauran amsoshin duk a kansa suke: wannan fassara ba ta komawa baya. Sunayen da ka raɗa wa abubuwa, bayanan da ka sa a gefe, dalilin da ya sa ka bi nan ba ka bi can ba, duk kwamfaila zubar da su take yi. Gero in ya zama gari ba ya komawa tsaba, balle a shuka shi. Fayil ɗin .exe gari ne, rubutun tushe shi ne iri.

In an ce kwamfaila mai sauƙin ɗauka ce, ana nufin ta shiga filash ke nan?

Wannan ita ce ma'anar da ɗalibai suka sani, kuma ba laifi: kwamfailar da ba ta buƙatar a girka ta, folda ce kawai, ka kwafe ta a filash ka je kowace kwamfuta ka ci gaba da aiki. Amma ma'anar asali ta fi wannan tsufa. A shekarun 1960 da 1970 kowane kamfani da irin na'urarsa, manhajar wannan ba ta tashi a waccan. Sai masana suka raba kwamfaila gida biyu. Gaba yana fahimtar harshen, baya yana fitar da umarnin na'ura. In sabuwar na'ura ta fito, bayan kaɗai za a sake rubutawa.

Martin Richards ya yi haka da harshen BCPL tun 1967. A Zurich ta ƙasar Suwizalan, mutanen Niklaus Wirth, wanda ya ƙirƙiro Pascal a 1970, sun ƙara wata dabara: kwamfailarsu ta Pascal-P tana fitar da umarni ne don wata na'ura ta ƙage wadda babu ita a zahiri, duk mai so sai ya rubuta ɗan ƙaramin shirin da zai kwaikwayi na'urar nan a kan tasa. Da haka Pascal ta bazu a jami'o'in duniya, kuma dabarar ce Java ta zo ta ɗauka bayan shekara ashirin da wani abu. A ɓangaren C kuwa, Stephen Johnson na Bell Labs a Amurka ya rubuta pcc, aka fitar da ita a 1979 tare da fitowa ta bakwai ta Unix, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, ita ce ta kai harshen C kan na'urori iri-iri.

Waɗanne ne sanannu a cikinsu?

Wadda na fi ba mutane ita ce tcc, ta Fabrice Bellard, Bafaranshen nan da ya fara manhajojin QEMU da FFmpeg. Tsatsonta wata 'yar mitsitsiyar kwamfaila ce da ya ci gasa da ita a 2001. Saurinta har ya wuce hankali: a 2004 ya nuna ana iya kunna kwamfuta ta fassara zuciyar Linux, wato ginshiƙin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, daga rubutun tushe ta tashi da ita cikin ƙasa da daƙiƙa 15. Fitowar da aka fi samu ita ce 0.9.27 ta 2017, kuma kunshinta na Windows bai kai megabayit 1 ba.

Ita pcc ba ta mutu ba, Anders Magnusson ya farfaɗo da ita har aka fitar da 1.0 a 2011. Akwai lcc ta Chris Fraser da David Hanson, wadda aka rubuta musamman don a karanta a fahimta. Akwai Small-C ta Ron Cain, da aka buga rubutun tushenta cikin mujalla a 1980, mutane suka riƙa kwafa da hannu. Amsterdam Compiler Kit, ta Andrew Tanenbaum da Ceriel Jacobs, tana jin C da Pascal da Modula-2 da BASIC duk a kunshi ɗaya, an kuma sake ta ga kowa a 2003. Masu haɗa ƙananan na'urori da furosesa irin 8051 ko Z80, SDCC ce tasu. Ɗalibin da ke son ganin cikin kwamfaila da idonsa ya nemi chibicc ta Rui Ueyama, ko c4, wadda layi wajen 500 ne kacal amma tana iya fassara kanta.

Tunda manyan kwamfailoli irin su GCC da Clang kyauta ne, me zan yi da ƙarama?

Kyauta ne, amma data ba kyauta ba ce. Visual Studio, kayan rubuta manhaja na Microsoft, gigabayit da yawa ne, kuma laftof tokumbo mai ƙwaƙwalwar gigabayit 2 ko 4 sai ta yi ta nishi kafin ta buɗe shi. Ita tcc ana tura ta ta WhatsApp ko Xender kafin shayi ya huce. 'Yan'uwanmu na Zamfara sun ɗanɗana wannan a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa na tsawon makonni: wanda kayan aikinsa ke cikin filash ya ci gaba da karatu, wanda ya saba da kwamfailar intanet sai ya naɗe hannu.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. GCC layi miliyoyi ce, babu mutum ɗaya da ya san ta duka. Ƙaramar kwamfaila kuwa ɗalibi mai naci zai iya karance ta a hutu ɗaya, kuma abin da mutum ɗaya zai iya karancewa, mutum ɗaya zai iya gyarawa ya kai shi kan sabuwar na'ura ko bayan masu shi sun shuɗe. Amsar kaza da ƙwai da ke ƙasa ta faɗaɗa wannan.

Kada dai a ɗora mata kayan da ba nata ba. tcc ba ta jin C++, kuma ba ta tace abin da ta fassara don ya yi gudu, saboda haka manhajar da GCC ta haɗa kan fi tata sauri nesa ba kusa ba. Gargaɗinta kan kurakurai ma bai kai na manyan ba. Shawarata ga ɗalibi: koyo da gwaji da tcc, amma kafin ka miƙa aiki ka bi da shi ta GCC da `-Wall`, umarnin da ke kunna gargaɗinta, ka ga abin da za ta ce.

Yaya zan fara da tcc a laftof ɗina? In waya kaɗai gare ni fa?

Ka warware kunshin a folda, misali `C:\tcc`. Ka buɗe Notepad ka rubuta shirinka, ka adana da suna irin `gaisuwa.c`, ka tabbata Notepad bai liƙa masa .txt a ƙarshe ba, don rabin masu dawowa wurina da kuka wannan ce matsalarsu. Sai ka buɗe baƙin allon cmd a cikin foldar, ka rubuta `tcc gaisuwa.c`, fayil ɗin `gaisuwa.exe` zai fito. In gwaji kawai kake so, `tcc -run gaisuwa.c` zai fassara ya tayar nan take ba tare da ya ajiye komai ba. Mai buƙatar C++ ba tare da girkawa ba ya nemi w64devkit, GCC ce a folda ɗaya, gomman megabayit.

Mai wayar Android ya sa Termux, manhajar da ke ba waya baƙin allon buga umarni, ya rubuta `pkg install clang` sau ɗaya inda akwai sabis mai kyau, daga nan ba ya buƙatar intanet. Rubutu a allon waya akwai gajiya, amma na ga wanda ya gama darasin zango guda da haka.

Malaminmu ya ce Turbo C ko QBasic, amma sun ƙi buɗewa a Windows ɗina. Kwamfutar ce ta lalace?

Lafiyarta ƙalau. Waɗannan manhajoji ne masu bit 16 na DOS, tsarin da ake aiki da shi kafin Windows, Windows mai bit 64 kuwa ba ta da ɓangaren da ke tayar da su, kuma Windows 11 mai bit 64 ce kaɗai. Maganin shi ne emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa. DOSBox, wadda ta fito tun 2002, ita ce mafi sauƙi. Ka zuba tsofaffin kayan a `C:\dos`, ka buɗe ta ka rubuta `mount c c:\dos`, sannan `c:`, shi ke nan ka koma 1991, shekarar da QBasic ta zo tare da MS-DOS 5.0.

Masu Turbo Pascal 7 kan ci karo da "Runtime error 200" tun shirin bai fara komai ba. Ba laifinka ba ne. Ɓangaren Turbo Pascal mai kula da allo, wato CRT, yana auna saurin furosesa da lissafin da aka tsara don na'urorin wancan zamani, da gudu ya wuce wajen megahaz 200 sai lissafin ya tumbatsa. A DOSBox ka rage saurin da `cycles`, ko ka koma Free Pascal kamar yadda na yi bayani a tambayar harsunan da ake cewa sun mutu.

Ra'ayina, da neman afuwar malamai: Turbo C abin adanawa ce da nuna tarihi, ba abin fara koyar da yaro a yau ba. Tana saba masa da halayen da sai ya sha wuya kafin ya bari.

Na samu tsohon rubutun tushe, amma sabuwar kwamfaila ta ƙi shi, ko ta karɓa amsa ta fito daban. Me ke faruwa?

Ƙin karɓa shi ne mai sauƙi, don aƙalla ta faɗa maka. `clrscr()` da `gotoxy()` da `graphics.h` kayan Borland ne, kamfanin da ya yi Turbo C, ba sa cikin ƙa'idar C. An cire `gets()` daga ƙa'idar tun 2011. GCC 14 ta 2024 ta mayar da kiran aikin da ba a gabatar da shi ba ya zama kuskure, alhali a da gargaɗi ne kawai. Kafin ka fara yanka rubutun mutane, gwada `-std=gnu89`, wato ka ce mata ta karanta shi da idon 1989. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Mai haɗari shi ne wanda ya wuce shiru. Wani ɗalibi ya rubuta wa mahaifinsa, dillalin shinkafa, ɗan shirin lissafin ciniki da Turbo C. Ya zo shago da laftof a hammata, ya buga 40000 kuɗin buhu a gabana, allo ya nuna -25536. Ya dube ni ya ce, "Malam, mi ya sa kuɗin ya koma bashi?" A Turbo C, `int`, ma'ajin cikakkiyar lamba, bit 16 ne, iyakarsa 32,767, abin da ya haura sai ya kewayo ta ƙasa. Lokacin da aka rubuta littattafan da yake kwafa, wa ya yi tunanin buhu zai kai haka? A tcc ko GCC `int` bit 32 ne, wannan matsala babu ita, amma sai wata ta ɓullo: duk fayil ɗin bayanan da tsohon shirin ya rubuta da bayit 2 ga kowace lamba, sabon zai karanta da bayit 4, ya kawo maka shirme ba tare da ya yi ƙorafi ba. Shi ya sa a tambayar abin da za a adana na nace kan ajiye samfurin amsar da tsohon ya bayar.

COBOL da FORTRAN da Pascal da dBASE da aka koya wa iyayenmu a poli, ba sun mutu ba?

Ko kusa. FORTRAN, da ayarin John Backus na IBM suka fitar a 1957, har yau da ita ake lissafin hasashen yanayi, kuma gfortran tana karɓar mafi yawan rubutun FORTRAN 77. COBOL ta 1959 tana nan cikin bankuna da ofisoshin gwamnati a ƙasashe da yawa, har gwamnan jihar New Jersey ta Amurka ya fito a Afrilun 2020 yana cigiyar waɗanda suka iya ta. GnuCOBOL tana juya COBOL zuwa C, daga nan kwamfailar C ta ƙarasa, wanda ke nuna maka amfanin samun ƙaramar C a ko'ina.

Mai Turbo Pascal ya ba Free Pascal rubutunsa da `-Mtp`. Mai QBasic yana da QB64 da FreeBASIC, mai GW-BASIC yana da PC-BASIC. Manhajojin Clipper da dBASE, waɗanda aka cika ofisoshinmu da su a shekarun 1990, Harbour tana haɗa su. Hattara ɗaya ga masu GW-BASIC: in ka buɗe fayil ɗin .BAS a Notepad ka ga tarkace, bai lalace ba, a dunƙule aka adana shi. Ka loda shi a PC-BASIC ka rubuta `SAVE "SUNA",A`, zai fito da rubutu sarai.

Kaza da ƙwai: in kwamfailar C da C aka rubuta ta, da me aka haɗa ta farko?

Ka tambayi maƙeri da me aka riƙe ƙarfen da aka ƙera awartakin farko. Amsar ɗaya ce: an fara da abu maras kyan gani, aka yi wanda ya fi shi da shi, aka yi ta hawa. Ana rubuta 'yar ƙaramar kwamfaila da harshen na'ura, ta haɗa wadda ta ɗan fi ta, har a kai ga wadda ke haɗa kanta. Matsalar ita ce da an kai sama sai a jefar da tsanin. GCC, da Richard Stallman ya fitar a 1987, tun daga fitowa ta 4.8 a 2013 sai da kwamfailar C++ ake haɗa ta. Wato kana buƙatar GCC kafin ka samu GCC.

Ken Thompson ya nuna haɗarin wannan a laccarsa ta karɓar lambar yabo ta Turing, wadda aka buga a 1984. Ana iya cusa wa kwamfaila mugun abu ta yadda duk sa'ad da ta haɗa 'yarta sai ta gadar mata da shi, alhali rubutun tushen tsaf yake, ko ka karance shi ba za ka ga komai ba. Don haka wasu suka koma gina tsanin daga ƙasa. A 2023 masu GNU Guix, wani tsarin Linux, suka sanar cewa suna iya tayar da tsarinsu daga ɗan iri mai bayit 357, wanda mutum zai iya bi da ido ya tantance. Shi ke haɗa na gaba, har a kai GNU Mes, mai ɗauke da 'yar ƙaramar kwamfailar C, ita ta haɗa tcc, tcc ta haɗa tsohuwar GCC, tsohuwar ta haɗa sabuwa. Dubi inda tcc ta tsaya: ita ce matakalar tsakiya, don ƙanƙantarta ta sa abu mai rauni zai iya haɗa ta, ƙarfinta kuma ya isa ta ɗaga babba.

Ofishinmu na da tsohuwar manhaja, .exe kawai muke da shi, wanda ya rubuta ya daɗe da tafiya. Akwai dabara?

Akwai, amma rabi ce. An taɓa kawo mini irin wannan daga wani ofis a bayan mashin, naɗe da zane: kwamfutar da ke lissafin kayan sito, wadda wani ɗan bautar ƙasa ya rubuta wa manhaja da Clipper ya gama shekararsa ya tafi. Wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona ta. Muka ciro faifan ciki, muka haɗa shi da wayar IDE zuwa USB, muka kwafe shi ɗungurungum kafin mu taɓa komai. Manhajar ta tashi a emuleta, shuɗin allonta ya fito, Alhajin da ya kawo ta har da hamdala da ƙarfi. Bayanan kuma fayilolin .DBF ne, LibreOffice Calc ta buɗe su kamar ba komai.

Inda gizo ya yi saƙa shi ne da ya ce a canza masa wani kaso da manhajar ke cirewa. Lambar tana daskare cikin .exe, fayilolin .PRG kuwa, wato rubutun tushen, babu ko ɗaya a faifan. Akwai manhajojin da ke ƙoƙarin warware .exe, amma abin da suke fitarwa yakan zo babu bayanai, sau da yawa babu sunaye, gyara shi ya fi sake rubutawa wuya. Don haka tsarin shi ne: kwafi tukuna, a fitar da bayanai zuwa CSV, wato jadawali na rubutu zalla, a bar tsohuwar tana aiki a emuleta, a rubuta sabuwa ana gwada amsoshinsu har su daidaita. Don aikin ofis na fi son DOSBox-X, ko FreeDOS, wato DOS ta kyauta, a cikin manhajar VirtualBox, saboda DOSBox ta asali don wasanni aka yi ta. Kuma a cigita marubucin. Wani lokaci rubutun na nan cikin tsohon akwatinsa a garinsu.

Na tsinci kwalin fulofi da tsofaffin CD. Yaya zan ceto abin da ke ciki?

Kar ka yi gaggawar zura su. Ka duba kowane fulofi, ka ja murfin ƙarfen gefe ka haska: in akwai fumfuna ko ƙurar hunturu, zai kankare kansa ya kuma ɓata na'urar karantawa. Ka tura ɗan makullin da ke kusurwa har ramin ya buɗe, hakan ke hana a yi rubutu a kansa. In Windows ta ce a yi masa fomat, ka ce a'a. Na'urar fulofi ta USB tana karanta na inci 3.5 na PC, masu megabayit 1.44 da yawanci masu kilobayit 720. Manyan nan masu inci 5.25, ko na wata na'ura daban, sai da tsohuwar na'urar karatu da ɗan allo irin Greaseweazle.

Ka ɗauki hoton faifan gaba ɗaya maimakon kwafar fayil ɗaya-ɗaya, don mai yiwuwa karatu ɗaya ya rage masa. A Linux, ddrescue tana tsallake inda ya lalace ta dawo masa daga baya, kuma tana yi wa CD ma. Ka ɗauki hoton takardar da ke manne da waya, rubutun biro da ke kai wani lokaci shi kaɗai ne bayanin da ya rage. Sony ta daina yin fulofi tun 2011, zafin bazararmu kuma da ke haura digiri 40 ba ya raga musu, don haka aikin bana ne, ba na baɗi ba.

To me da me ya kamata a adana tare?

Rubutun tushe a matsayin rubutu zalla, ba cikin Word ko PDF ba. Ainihin kwamfailar da ta haɗa shi, da lambar fitowarta da duk kayan da ta jingina da su. 'Yar takarda mai faɗin umarnin da aka buga, harafi da harafi. Samfurin abin da aka shigar da amsar da ta fito. Bayanin tsarin fayilolin bayanai, sai shi .exe ɗin da hotunan allo. A nan ƙaramar kwamfaila ke nuna ranarta: tcc ko Turbo Pascal 3, wadda ba ta kai kilobayit 40 ba, za ta kwanta cikin folda ɗaya da aikinka. Manyan kuwa wa zai iya cusa su?

Kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wani gari. Filash ba rumbu ba ne: cajin da ke riƙe bayanai yana zurarewa in an daɗe ba a jona ba, zafi na ƙara masa sauri, ga kuma na jabu a kasuwa masu ƙaryar girma. Ka ɗauki hatimin kowane kunshi, wato doguwar lambar da ke canzawa in an samu canji ko kaɗan a fayil, da `certutil -hashfile suna.zip SHA256` ka rubuta shi gefe, duk shekara ɗaya ko biyu ka sake kwafa ka gwada hatimin.

Akwai masu yin wannan aiki da gaske, ko sha'awa ce kawai?

Akwai, kuma abin da suka ceto ba kaɗan ba ne. Dennis Ritchie, mai harshen C, ya fitar da kwamfailolin C biyu na 1972 zuwa 1973 da aka samo a tsofaffin kaset. A 2008 ƙungiyar The Unix Heritage Society ta Warren Toomey ta tayar da zuciyar Unix ta farko daga bugaggiyar takarda, aka kunna ta a emuletar SIMH. Rubutun kwamfutar Apollo 11 ma daga takarda aka kwafo shi. Computer History Museum a Kalifoniya tana tattara tarihin FORTRAN da LISP da ALGOL. Software Heritage, da cibiyar Inria ta Faransa ta buɗe a 2016, tana kwashe rubutun tushe na fili daga ko'ina, kuma kowa na iya miƙa mata adireshin aikinsa ta adana.

Mu nan bai kamata abin ya zama baƙo ba. Rubuce-rubucen Malam Abdullahi na Gwandu ba ƙarfin takarda ne ya kawo su yau ba. Almajirai ne suka yi ta kwafa, wannan ya karanta a gaban wancan, kafin gara da ɗigon damina su gama da tsohon kwafi an yi sabo. Abin da ban gani ba shi ne mai yi wa manhajojinmu haka. Furojet nawa ɗalibai suka miƙa da fulofi ko CD manne a bangon baya? Je ka ɗauko na shekara goma sha biyar baya ka gwada.

Ya halatta in kwafi tsohuwar manhajar da kamfaninta ya watsar?

Watsarwa ba ta sauke haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi, kuma kariyar ta shekaru gommai ce. Sai dai masu haƙƙin da kansu sun saki da yawa. Borland ta ba da Turbo Pascal 1.0 da 3.02 da 5.5 da Turbo C 2.01 a sauke kyauta, ko da yake ba ta buɗe rubutun tushensu ba. Caldera ta saki tsofaffin Unix a 2002, aka buɗe Watcom a 2003, Microsoft ta saki rubutun GW-BASIC a 2020 da na MS-DOS 4.0 a 2024. Ka adana takardar lasisin tare da kayan.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne bayanan da ke ciki. Fayil ɗin .DBF na ofis yana ɗauke da sunayen mutane da albashinsu, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta shafe shi. Ka ɗora manhajar a intanet in kana da izini, amma bayanan su tsaya a ofis.

Ina shirin miƙa furojet ɗina. Me zan yi don ya tashi ko bayan shekara 20?

Ka rubuta shi da tsantsar ƙa'idar harshen gwargwadon iko. Abin da ya shafi allo ko Windows kaɗai ka ware shi a fayil guda, don ranar ƙaura shi kaɗai za a taɓa. Ka haɗa shi da kwamfaila biyu, misali tcc da GCC: in duka sun karɓa kuma amsa ta zo ɗaya, alama ce ba ka jingina da halin guda ɗaya ba. In lamba za ta yi girma ka faɗi girmanta da `int32_t` ko `int64_t`, kada abin ɗan dillalin shinkafa ya same ka. Bayanai kuma ka ajiye su a CSV ko rubutu zalla.

Sannan ka shirya foldar kamar yadda na zayyana a tambayar abin da za a adana, ka buga rubutun tushen cikakke a bayan kundin ko da malami bai nema ba, ka ɗora kwafi a GitHub, shafin ajiye rubutun tushe, ka miƙa adireshin ga Software Heritage. Gwajin ƙarshe shi ne wanda nake yi wa ɗalibaina: ka ba abokinka filash ɗin, ya je kwamfutar da ba ta taɓa ganin aikinka ba, a kashe data, kai kuma ka zauna waje ka yi shiru. Duk inda ya leƙo ya tambaye ka wani abu, ka rubuta amsar cikin takardar bayani, ku sake daga farko.